Injiniya Baƙo da Kunnuwan Gita

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Agiye ta layin teloli, ko bai ga Baƙo ba ya ji shi, don bakin bawan Allahn nan bai san hutu ba. 'Yar rumfa gare shi tsakanin Barmo tela da Inna Tani mai ƙosai, cike da matattun rediyoyi, a samanta ya kafa allo ya rubuta INJINIYA da jan fenti, wuri ya ƙare masa, harafin ƙarshe ya gangaro ƙasa shi kaɗai. In ka kuskura ka zauna a bencinsa, sai ka ji yadda ya gyara jirgin sama a Legas da turnabis ɗaya tal, wato abin kwance kusoshi, da yadda wani Bature ya durƙusa yana roƙonsa ya bi shi ƙasarsu. Alhali kowa ya san iyakar tafiyarsa Maraɗi, ita ma amai ya yi ta kwarawa a mota. Rediyon da ya shiga hannunsa yana tari, fitowa yake ya yi shiru har abada, Baƙo kuwa ya ce ai ga shi nan ya rabu da tarin.

To, wannan mutumin ne Mas'ud, ƙanen matarsa Hasiya, ya kawo wa gitarsa.

Gitar nan ba abin wasa ba ce a wurin Mas'ud. Ayar da ya noma a daminar bara kaf, da ragon da ya yi kiwo, su ya tattara ya sayo ta hannun wani da ya zo daga Agadas, ja ce jawur, mai aiki da kuran, wato wutar lantarki. Tun da ya same ta bai wuce kaɗa wa abokansa a fada suna shan shayi ba, sai ga Alhaji Mudi, babban dillalin aya na Gangara, ya aiko masa ya zo ya yi wasa ranar Asabar a bikin ɗiyarsa Mansura. Karo na farko ke nan da wani mai suna ya kira shi. In ya yi abin kirki, ƙofar bukukuwa ta buɗe masa. In ya kunyata, sai ya koma tonon aya, a yi ta nuna shi da baki.

"Yaya Baƙo, ba wani babban aiki ba ne," in ji Mas'ud yana shafa gitar. "Nan inda ake soka wayar lasifika ne ke rawa. Ɗaure shi kawai za ka yi. Ni zan tahi ƙauye in taya Baba aiki, sai Asabar."

"Wa ya turo ka wurina?"

"Yo, ai Yaya Hasiya cewa ta yi kar in kawo maka. Mai gyaran bakin tasha ne ya yi tahiya."

Baƙo ya haɗiye wannan kamar bai ji ba. Ya juya gitar, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kanga kunne, ya leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyin. Babu abin da ya gani sai wani farin faranti na roba, sumul, ɗaure da 'yan kusoshi masu murɗi.

"Ta ina take jin kiɗan? Ban ga rami ba, ban ga komi ba."

"Kunnuwanta na ƙarƙashin farantin nan. Su ke jin motsin tsirkiya su kai wa lasifika. Wanda ya sayar mini ya ce da gangan masu ƙerawa suka ɓoye su, sun auna nisansu da tsirkiya daidai wa daida. Don girman Allah, Yaya, kar ka buɗe."

"Kunne a ɓoye?" Baƙo ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Kai yaro, ka taɓa ganin jaki ya sa kunnensa cikin aljihu? Je ka abinka, ka kawo kaya gidansu."

Ko ƙurar moton Mas'ud, wato babur ɗinsa, ba ta kwanta ba Baƙo ya miƙe tsaye a kan benci ya yi shela. Ya ce jama'a su matso su ga yadda masu ƙera kaya ke cutar talaka: sun yi wa gita kunnuwa, sun kuma toshe su don a riƙa sayen manyan lasifikoki. Shi Injiniya Baƙo zai sake mata tsari, ta yadda in an taɓa ta a Gangara, mata za su taka rawa a Gidan Rumji. Daga nan kuma duk makaɗin da ke ƙasar nan sai ya zo ya yi layi a gaban rumfarsa.

"Cewa aka yi ka ɗaure wuri guda," in ji Barmo tela, bai ma ɗaga kai daga kekensa ba.

"Kai dai ɗinka wandonka. Wa ya sa da kai?"

"Garin neman gira dai ake rasa ido."

"Idon wa? Ni da na buɗe cikin jirgi!"

Ya sa turnabis ya kwance kusoshin, rabinsu suka faɗa cikin rairayi, ya ɗaga farantin. Mutane suka yi caa a kansa. A manne a bayan farantin ga wasu abubuwa biyu baƙaƙe, dogaye kamar yatsa, kowanne an naɗe shi tam da baƙin ƙyalle, yana ƙyallin kaki. Inna Tani ta leƙo da matsamin ƙosai a hannu, ta yi kallo ɗaya ta buga salati.

"La'ilaha illallahu! Layu ne! Wallahi sammu aka yi wa ɗan mutane! Ku dubi naɗin, ku dubi kakin! Ku ja da baya!"

Kan ka ce kwabo wuri ya watse. Mai goro ya yi tuntuɓe da tirensa, wata mata ta suri ɗan da ba nata ba ta yi gaba. Shi kansa Baƙo sai da ya yi tofi a ɓoye ta gefen baki, amma da ya ga turnabis ɗinsa ya manne wa abin ƙam, sai ransa ya dawo.

"Ku dawo, jahilci ba kyau! Mayen ƙarfe ne a ciki, irin na rediyo. An naɗe shi da wayar jan ƙarfe. Ba ga shi ba? Kuma kun ga ciwon da idonku. Kunnen da aka cika da kaki, ina zai ji?"

Wani dattijo ya ce wannan kam gaskiya ne, shi ma tun da aka yi masa sakace yake jin kiran asuba. Baƙo ya ƙara kumbura. Nan take ya ciro kunnuwan biyu, ya warware ƙyallen, ya kama su da filaya ya nufi murhun Inna Tani yayin da ta juya tana sallamar mai saye. Ya kanga su a kan zafin kaskon. Kakin ya narke kuwa, ya yi ta ɗiga tsulum-tsulum cikin man ƙosai. Wanda ya fara cin ƙosan da ya fito daga nan ya ce yau ƙosan Inna ɗanɗanon kyandir yake yi. Inna Tani ta waiwaya, ta ga abin da ake ciki, ta zaburo da matsami.

"Ɗan banza mai kan kwakwa! Layun naka za ka soya mini cikin mai? Yau sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi!"

Baƙo ya ruga, ta bi shi, suka zagaye rumfar Barmo. A cikin gudun nan ne bakin wayar kunne ɗaya ya tsinke ya saki. Wayar kuwa siririya ce fiye da gashin jariri, ido ba ya ko ganinta sai rana ta haska. Bakin ya maƙale a ƙahon wata akuya da ke kiwon ɓawon rake, akuya ta firgita ta yanki kasuwa da gudu, abin da ke hannun Baƙo ya shiga juyawa firrr yana warwarewa.

Kai jama'a, ashe abin nan ɗan mitsitsi waya ce a cikinsa ba ta wasa ba! Akuya ta ratsa 'yan hatsi, ta kewaya 'yan tumatir, ta shiga layin mahauta ta fito, waya ba ta ƙare ba. Mutane suka dinga marin fuskokinsu suna cewa yanar gizo-gizo da tsakar rana. Ta sarƙe gemun wani malami, ta ɗaure ƙafar mai tallan fura da ta wani mai keke, su biyun suka zube tare suna zagin juna. Baƙo yana tsaye yana ihu a tare masa akuya, har abin ya yi fit ya tsaya, ya bar shi riƙe da mayen ƙarfe tsirara.

Barmo ya zo ya tsaya a kansa. "To Injiniya, kunne guda ya tahi kiwo."

Baƙo ya share zufa. Ya tuna fuskar Hasiya, amma bakinsa bai san da wannan ba.

"Da ma cire ta zan yi. Wannan ai rowa ce. Siririyar waya siririyar murya take bayarwa. Kai ka taɓa ganin an ɗaure sa da zaren ɗinki? Murya mai kauri sai waya mai kauri."

Ya shiga rumfa ya farke cikin wata matacciyar fanka, ya zaro waya mai kaurin tsinken tsire. Ya dubi ɗan mayen ƙarfen gitar ya yi tsaki, ya jefar, ya ɓalle wani ƙato daga bayan tsohuwar lasifika, faɗinsa ya kai murfin tukunya. Saura naɗi. Da aka kira azahar Barmo ya tafi masallaci, Baƙo ya lallaɓa ya haye kekensa, ya ɗaura mayen ƙarfen a jikin ƙafar keken wai ya naɗe da sauri. Taku biyu ya yi, allurai suka taso daga gwangwani suka manne, almakashi ya biyo baya ya kusa yanke masa hanci, abin ya cafke ƙarfen keken ya ƙi saki. Barmo ya dawo ya same shi ya kafa ƙafa a jikin tebur yana ja yana nishi, rigar angon da ake ɗinki ta naɗe a cikin waya.

"Baƙo, mi na yi maka a duniya?"

"Taimakonka nike. Dubi duk alluran da ka ɓatar tun bara, ga su na tattaro maka."

Sai da suka kama su uku kafin a raba keken da mayen ƙarfe.

Kashegari ya zauna haɗawa. Kunnen da ya tsira, wanda aka narke wa kaki, ya mayar da shi wurinsa, wayarsa ta saki tana lilo. Sabon nasa kuwa ya ƙi shiga ramin. Baƙo bai ga laifin aikinsa ba, ramin ne ya ce an yi shi da ƙyashi. Ya aro gizago wurin masassaƙi ya shiga saran cikin gitar, jan fenti na tashi, har ya kusa ɓullawa ta baya. Da ya cusa abin, sai ya ɗebo tsakuwa cikin tafin hannu ya watsa a ramin.

"Wannan kuma ta mi ce?" in ji Barmo.

"Sirrin gidanmu ne. Kakana makaɗi ne, tsakuwa yake zubawa cikin kalangu don ta ƙara zaƙi."

"Shekaranjiya ka ce kakanka alƙali ne."

"Da safe alƙali, da marece makaɗi. Ka cika tambaya kamar ɗan lakol mai koyon boko."

Farantin ya ƙi rufuwa, ya yi tozo a tsakiya. Kusoshin da suka rage ba su isa ba, Baƙo ya cike da ƙusar kafinta, ya hau kai ya zauna don ya kwanta. Barmo ya ce to a gwada a ji. Aka duba, an ɗauke kuran tun hantsi. Baƙo ya yi hamdala a zuci, a fili kuwa ya ce gwaji na masu shakka ne.

Da yamma ya shiga gida da gitar a kafaɗa, ya jingine ta kusa da kwanukan Hasiya. Tana tankaɗe, sai ta ji ƙwal. Ta waiga, ta ga cokalinta ya rungume gitar. Ta miƙa hannu za ta cire, wuƙar yankan kuɓewa ta bi sahu.

"Baban Munira, mi ka yi wa kayan yaron nan?"

"Farin jini na sa mata. Kin ga har cokali na son ta."

"Ka buɗe ta, ko?"

"Buɗewa kamar yaya? Leƙawa dai na yi."

"Leƙawa ce ta sa ta yi ciki?" Hasiya ta ajiye rariya, idonta ya kawo ruwa don takaici. "Ka san abin da ya sayar ya sayi abin nan. Wallahi in ka kunyata mini ƙane a gaban mutanen Gangara, ni da kai ne."

"Ke dai tanadi guɗa. Ranar Asabar za ki san wa kike aure."

Ranar Asabar Baƙo ya ƙi bari Mas'ud ya ga gitar. Ya aika masa cewa ya yi gaba, shi zai kawo ta da kansa, don irin wannan aiki ba a damƙa shi sai a gaban shaidu. Ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya naɗe gitar cikin zanen gado, ya hau moto ya ɗauki Hasiya a baya, ita da Barmo da Inna Tani duk suna cikin gayyar. A hanya gitar ta yi ta manne wa tankin moton, suna tafe suna ɓamɓarewa.

Bayan la'asar ƙofar gidan Alhaji Mudi ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, mata sun sha lalle da atamfa iri ɗaya, amalanken shanu na gefe ɗauke da buhunan ayar da za a raba wa baƙi. An tayar da gurup, wato injin ba da wuta, yana ta ƙugi a bayan darni. Mas'ud na tsaye da mai ganga a gefensa, sai share hannu yake a riga. Da ya warware zanen gadon ya ga tozon da ƙusoshin kafinta, sai ya dafe kai.

"Yaya Baƙo, mi ne wannan? Ta yi nauyi kamar turmi. Wayyo, tsirkiyoyin ma sun kwanta!"

Gaskiya ne, mayen ƙarfen ya janyo tsirkiyoyin duka sun manne a jikin farantin. Baƙo ya ce ladabi ne suke yi. Ya karyo karan dawa daga darni ya cusa ƙarƙashinsu, suka ɗan ɗago. Kafin Mas'ud ya sake magana, ya riga ya fizge makirfo daga hannun sanƙira.

"Jama'ar Gangara, ku gode wa Allah! Yau za ku ji abin da ko a Legas sai manya ke ji. Ni ne Injiniya Baƙo na Agiye, ni na sake wa gitar nan kunnuwa da hannuna. Masu ƙananan yara su riƙe su, masu hawan jini su matsa baya!"

Wannan shawara ta ƙarshe ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa ranar. Ana soka waya, lasifika ta saki wata ƙara, wiiiiii, wadda ta ratsa haƙoran kowa. Jakunan unguwa suka amsa gaba ɗaya. Shanun amalanke suka zabura suka yi cikin gona, buhunan aya na faɗowa suna fashewa, yara suka bar biki suka bi aya. Wata tsohuwa ta kwanta rub da ciki tana kalmar shahada.

"Gaisuwa ce take yi!" Baƙo ya yi ihu. "Rage mata kaɗan!"

Aka rage. Mas'ud ya daure ya ja tsirkiya. Maimakon kiɗa sai ƙwaras-ƙwaras na tsakuwa, karan dawa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon wani baƙo, tsirkiyoyi suka koma suka kwanta. Daidai lokacin ne aka fito da amarya Mansura, ƙawaye na rufe da ita, ana guɗa. Sai wayar fankar nan ta Baƙo, da yake ba abin da ya kare ta, ta kamo wata tashar rediyo. Murya ta fito tangaram daga lasifika:

"Ina masu fama da basir mai tsiro? Ina masu zama da gefe ɗaya? Ga magani ya zo, sha yanzu magani yanzu..."

Guɗa ta tsaya a maƙogwaro. Dangin ango, da ke zaune a kujerun gaba, kowa ya gyara zama ya miƙe tsaf, kada a ce da shi ake. Amarya ta ƙunshe baki cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Alhaji Mudi ya taso a fusace, babbar riga na jan ƙasa, ya nufo Mas'ud yana nuna shi da yatsa. Yana isowa, tarin makullan sitonsa da ke rataye a ƙugu suka yi tsalle suka cafke gitar. Alhaji ya ja baya, gita ta biyo shi. Ya juya, Mas'ud ya juya tare da shi, don igiyar gitar na wuyansa. Suka yi ta zagaye a tsakar fili kamar masu kokawa, wani yaro ya ce ashe Alhaji ya iya rawa.

Baƙo ya ga abin ya wuce gyaran turnabis. Ya kutsa tsakaninsu wai zai raba, ya duƙa daidai farantin, ya matso da bakinsa kusa da Mas'ud yana raɗa. Abin da bai sani ba, kakin nan da ya soya a kaskon Inna Tani shi ke riƙe wayar kunne kada ta motsa, don kada ta ji komai sai tsirkiya. Yanzu da ta saki, ko numfashi aka yi kusa da ita sai ta kai wa lasifika. Rediyon ya ɗauke ɗif, muryar Baƙo ta cika Gangara:

"Kai Mas'ud, rufa mini asiri, wallahi ban taɓa buɗe gita ba sai wannan. Ce musu aljanun garinsu ne suka shiga. Mutanen ƙauye ne, mi suka sani ban da aya? Shi ma wannan mai tumbin yarda zai yi. Kar dai ka bari Hasiya ta ji."

Baƙo ya ɗago a hankali. Ido ya fi dubu a kansa, amma na Hasiya kaɗai ya gani.

"Ta ji," in ji Hasiya daga cikin mata.

Samari suka fara naɗe hannun riga. Inna Tani ta ce a ba ta shi tukuna, tana da tsohon lissafi da shi. Mas'ud kuwa ya zauna a ƙasa da gitar a cinya, hawaye na zuba, bai ko share ba, abin tausayi wallahi. Alhaji Mudi ya ɓamɓare makullansa da ƙyar, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi yaron, ya dubi Baƙo, ya shafa tumbin da aka ambata.

"Ba mai taɓa shi. Ni kiɗa na kira, kuma kiɗa za a yi a ƙofar gidana. Yaro, tashi, ba laihinka ba ne. Wannan abin, muryar wa yake ji?"

"Ta Yaya Baƙo kaɗai, Alhaji," in ji Mas'ud.

"To madalla. Injiniya, durƙusa. Kai ne tsirkiya yau."

"Alhaji, ni fa mutum ne mai iyali..."

"Durƙusa, ko in bar ka da samarin ƙauye, su da ba su san komi ba sai aya."

Baƙo ya dubi samarin, ya dubi damatsansu na masu tonon aya, ya tattare babbar riga ya durƙusa a gaban Mas'ud, ya kafa baki a jikin farantin. Mai ganga ya buga. Mas'ud ya share ido, ya ɗora yatsu a wuyan gitar, ya daka masa ƙafa alamar ya fara.

"Tin... tirin-tin," in ji Baƙo.

"Da ƙarhi!" jama'a suka ce.

"Tirin-tin-tin! Tauuu! Tirin-tirin-tauuu!"

Dariya ta ɓarke har wasu na faɗuwa daga kujera. Amma ganga na tafiya, Mas'ud kuma Allah ya ba shi murya, ya saki waƙar amarya, ya sako Alhaji Mudi da ayarsa, ya kawo dangin ango. Mata suka shiga fili. In Baƙo ya sassauta, Mas'ud ya taka masa yatsa, sai ka ji tauuu ta fito da gaske. In ya tsaya haɗiyar yawu, Inna Tani na tsaye a bayansa da muciyar gidan biki. Da Mas'ud ya ga abin ya karɓu, sai ya ƙaga baiti nan take a kan injiniyan da ya soya kunne a kaskon ƙosai, fili ya ɗauka, Baƙo na durƙushe yana yi wa zambon kansa kiɗa. Tsofaffin Gangara sun ce tun da suke ba su ga bikin da aka yi rawa irin wannan ba. Sai da aka kira magariba aka sake shi, gwiwoyi sun sage, leɓe ya kumbura, murya ta dushe ƙurmus.

Kwana biyu bayan haka yana kwance a tsakar gida yana shan ruwan citta, Mas'ud ya yi sallama. Ya gaida yayarsa, ya ce an aiko daga Sae Sabuwa ana son shi a wani biki, wasu ma daga Gazawa sun yi magana. Sai dai duk sharaɗinsu ɗaya: ya zo da irin gitar da ya kaɗa a Gangara.

Baƙo ya yunƙura zai tashi, ya buɗe baki, abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba.

"Ɗauke shi," in ji Hasiya, tana ci gaba da tsintar shinkafa. "Ya kashe maka gita, shi ne gitarka har ranar da ya saya maka wata. In ya yi gardama ka taka mishi yatsa, na ga yana jin wannan."

Haka kuwa aka yi. Duk kakar nan, in ka ga moto ya fito daga Agiye da jar gita a gaba da mutum mai babbar riga a baya ya naɗe wuya da rawani, to su ne. Ranar da muryarsa ta dawo bayan bikin ƙarshe, Barmo ya leƙa rumfarsa ya tarar ya tara mutane a benci, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, kofin shayi a hannu.

"To Injiniya, yanzu kam bakin ya mutu ko?"

Baƙo ya kurɓi shayi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wane baki? Kai Barmo, tsakaninka da Allah, duk faɗin ƙasar nan in akwai wanda ya taɓa ƙera gitar da ke shan shayi ta hau moto da ƙahwarta, nuna mini shi."